Harsashin Gini da Tanadin Makamashi: Darasin Ƙasashen Sanyi da Ginin Ƙasa na Birnin Zazzau

1. Gabatarwa

A ƙasashen arewacin Turai da Kanada, inda sanyi ya kan daskarar da ruwa da ƙasa wata da watanni, ba safai a ke aza harsashin gida a yau ba sai an yi masa makari, watau an kewaye shi da wani abu wanda zafi ba ya ratsa shi da sauƙi. Da wannan dabara maigida ya kan rage abin da ya ke kashewa wajen ɗumama ɗakunansa, magini kuma ya rage zurfin ramin da zai haƙa. Dabarar ta shiga littattafan koyar da gini, littattafan kuwa sun iso makarantun Nijeriya. Saboda haka ya kamata a tambaya, shin abin da ya amfani mutumin Oslo zai amfani mutumin Ƙofar Doka ko na Unguwar Juma?

Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, ƙa'idar da ke ƙarƙashin dabarar ɗaya ce ko'ina a duniya, amma hukuncin da ta ke bayarwa ya dogara ga yanayin ƙasar da gidan ya ke tsaye a kai. A ƙasar sanyi ƙa'idar ta ce a raba gida da ƙasa. A Zazzau kuwa ta ce a bar su a haɗe, a tsare gindin bango daga ruwa, a kai makarin bisa rufi. Maginan birni sun daɗe suna aiki da rabin wannan hukunci ba tare da lissafi ba, kuma asarar da a ke yi wajen barin hanyarsu ta fi yadda a ke tsammani.

2. Yadda zafi ya ke tafiya cikin ƙasa

Zafi kullum daga wuri mai ɗumi ya ke gangarawa zuwa wuri mai sanyi, kamar yadda ruwa ya ke bin gangare. Abu biyu ne su ke ƙayyade saurinsa: girman bambancin da ke tsakanin wuraren biyu, da irin abin da ya shiga tsakaninsu. Ƙarfe ya fi kome saurin miƙa zafi cikin kayan gini, siminti na biye da shi daga nesa, sa'an nan busasshiyar ƙasa, sa'an nan itace da ciyawa. Iskar da aka kulle wuri ɗaya ba ta motsi ita ce ta fi su duka rowa. Don haka kusan kowane makari da a ke sayarwa, in an bincika, iska ce aka tsare cikin ƙananan ramuka. Ruwa kuma ya kan ɓata wannan tsari, gama idan ya cika ramukan da iska ta ke ciki, sai zafi ya sami hanya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya miƙa zafi ninki biyu ko fiye.

Akwai wata halayya ta ƙasa wadda ita ce ginshiƙin wannan magana. Fuskar ƙasa ta kan yi zafi da rana ta huce da dare, amma wannan hawa da sauka ba ya zurfi. In an haƙa kamar ƙafa 2, bambancin dare da rana ya kusa ɓacewa. In an kai wajen ƙafa 30, bambancin rani da damina ma ba a jin sa, sai zafin wurin ya tsaya kusa da matsakaicin zafin iskar garin na shekara duka. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubar hunturu ya san wannan: ruwan ya kan zo da ɗumi, alhali kuwa ruwan rijiyar nan ne a ke jin sanyinsa da azahar ɗin bazara. Ruwan bai sāke ba ƙwarai, iskar waje ce ta sāke.

To, matsakaicin zafin shekara a Oslo bai wuce digiri 6 ko 7 ba a ma'aunin Salsiyas. A Zariya kuwa wajen digiri 25 ne. Daga waɗannan lambobi biyu sauran bayanin duka ya fito.

3. Matsalar ƙasashen sanyi da maganinta

Mutumin Norwe ko Suwidin ya na son ɗakinsa ya zauna wajen digiri 20. Ƙasar da ke ƙarƙashin gidansa ta na ƙasa da haka da digiri goma sha wani abu, a bakin harsashi kuwa, inda iskar hunturunsu ta ke bugawa, bambancin ya kan haura digiri 25. Watau dare da rana ƙasa ta na shan ɗumin da ya saya da kuɗinsa. A kan ƙiyasta cewa a gidan da ba shi da makari ko kaɗan, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ɗumin da ke salwanta ta ƙasan ɗaki ya ke bi. A gidajen Kanada masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, rabon ya kan kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Kuma gwargwadon yadda aka gyara bango da rufi da tagogi, gwargwadon yadda rabon harsashi ya ke ƙaruwa, domin shi ne ƙofar da ta rage a buɗe.

Matsala ta biyu ita ce kumburin ƙasa. Ruwa idan ya zama ƙanƙara ya kan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, kuma ƙanƙarar da ke cikin ƙasa ta kan jawo ruwan da ke ƙarƙashinta ta yi ta kauri, har ta ɗaga gini ta tsage shi. Maganin dā shi ne a haƙa harsashi ya wuce iyakar inda ƙanƙara ta ke kaiwa. A jihar Minnesota ta Amurka dokar gini ta kan nemi zurfin ƙafa 3 da rabi zuwa ƙafa 5, wannan kuwa haƙa ne mai tsada da siminti mai yawa.

Daga shekarun 1950 maginan Suwidin da Norwe da Finlan suka ɗauki wata hanya. Maimakon su zurfafa rami, sai su manna allunan folistirin a jikin harsashi daga waje, su kuma shimfiɗa wasu a kwance ƙarƙashin ƙasa kewaye da gidan. Folistirin shi ne farin soson nan marar nauyi da a ke tarar da shi cikin kwalin sabuwar rediyo ko talabijin. Kaurin inci guda nasa ya kan tare zafi kamar ƙafa 3 ko 4 na ƙasa mai laima. Allunan su kan riƙe ɗumin gidan da ɗumin da ke tasowa daga cikin ƙasa, sai ƙanƙara ta kasa isa gindin harsashi, ko da zurfinsa bai wuce inci 16 ba. Norwe ta gudanar da babban bincike kan wannan a shekarun 1970, lokacin da tashin farashin man fetur na 1973 ya sa Turai duka ta koma lissafin makamashi. Gidajen da aka gina ta haka a waɗannan ƙasashe sun haura miliyan ɗaya, dokokin ginin Amurka kuma suka karɓi hanyar a shekarun 1990. A birnin Darmstadt na Jamus, a 1991, aka gina gidan farko na wani tsari wanda a ke lulluɓe gida duka da makari, har ƙarƙashin daɓensa, ta yadda ɗumamawar da ya ke bukata a shekara ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na ta tsofaffin gidajen ƙasar ba.

Abu ɗaya da binciken nan ya tabbatar ya cancanci a riƙe shi: yawancin zafin da ke bi ta ƙasan gida ta gefe ya ke bi, inda daɓe ya haɗu da bango da iskar waje. Tsakiyar ɗaki ba ta asara da yawa.

4. Ginin ƙasa a cikin ganuwar Zazzau

Zariya ta na kan tudu mai tsawon fiye da ƙafa 2,000 bisa teku. Ruwan sama da ta ke samu a shekara wajen inci 40 ne ko ɗan fiye, yawancinsa daga Mayu zuwa Satumba. A Disamba da Janairu sanyin asuba ya kan sauko wajen digiri 14, wani lokaci ƙasa da haka, amma da rana ta ɗaga sai a koma kusa da 30. A Maris da Afrilu zafin rana ya kan haura 35. Ƙasa ba ta daskarewa a nan, saboda haka matsalar kumburi ba ta taso ba. Abin da magini ya ke fama da shi shi ne ratar da ke tsakanin dare da rana, da kuma ruwan damina.

Maginin gargajiya ya kan haƙa harsashi marar zurfi, har ya tarar da ƙasa mai tauri. Ƙasar gini daga kududdufan da ke cikin birni a ke ɗebo ta, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, a bar ta kwanaki ta ruɓa. Da ita a ke mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana, a jera shi tsinin na duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon ɗaki ya kan kai ƙafa 2 a gindi, ya riƙa sirancewa zuwa sama, na fada da masallaci kuwa ya fi haka nesa. Rufi azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa. Da ya ke ruwan Zazzau ya fi na Kano da Katsina yawa, maginanta sun fi son tulluwa, domin ruwa ba ya kwana a kanta. Daɓen ɗaki kuwa tsakuwa ce da ƙasa a ke bugawa, a yayyafa makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi tauri.

Gwanintar wannan gini ta kai ƙarshe a Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakan gizonsa da ginshiƙansa sun jawo masana daga nesa, cikinsu har da Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, wanda ya auna shi ya zana. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti.

In an duba irin wannan gini da idon mai lissafin zafi, za a ga abu biyu. Na farko, bangon ƙasa mai kauri ma'ajiya ce. Ya kan sha zafin rana sannu a hankali, bango mai inci 12 zuwa 16 ya kan jinkirta shi wajen awa 8 zuwa 12, watau zafin azahar ba ya isa cikin ɗaki sai tsakar dare, lokacin da a hunturu a ke maraba da shi. Na biyu, daɓen da bango su na zaune kai tsaye a kan ƙasa wadda zafinta ya ke kusa da digiri 25 ko ɗan sama. Wannan ya fi asubar Janairu ɗumi, ya kuma fi azahar ɗin Afrilu sanyi. Ƙasar da ta ke yi wa mutumin Oslo sata ita ce ta ke yi wa Bazazzage kyauta sau biyu a shekara. Shi ya sa a ke kafa randa a ƙasa cikin inuwa, shi ya sa kuma tsofaffi su ke shimfiɗa tabarma a daɓen zaure da rana tsaka. Wanda ya shimfiɗa folistirin ƙarƙashin irin wannan daɓe ya kashe kuɗi ne ya yanke kansa daga taska.

5. Wutar hunturu da gadon ƙasa

Ba a ce Zazzau ba ta ɗumama ɗaki ba. A daren hunturu a kan shiga da kaskon wuta, ko a hura itace a tsakar ɗaki. Akwai kuma gadon ƙasa, wanda a ke ginawa da rami a ƙarƙashi don a sa garwashi, ƙasar ta sha ɗumin ta riƙa sakinsa har gari ya waye. Mutanen arewacin Sin su na da gado irin wannan na tubali, mutanen Koriya kuma su kan bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓe. Hikimar ɗaya ce: wuta kaɗan ta ɗan lokaci, a ajiye ɗuminta cikin ƙasa kusa da jikin mai barci, maimakon a ɗumama iskar ɗaki duka.

A nan ne kaɗai darasin ƙasashen sanyi ya shafi Zazzau kai tsaye. Gadon da ke da wuta ya fi ƙasar da ke ƙarƙashinsa zafi ƙwarai, saboda haka wani kaso na ɗumin ƙasa ya ke nutsewa, musamman in wurin na da laima. Busasshen gindi, ko shimfiɗar toka da fasassun tukwane ƙarƙashin ramin wutar, zai rage itacen da a ke ƙonawa.

Amma akwai hatsari biyu da ya wajaba malami ya sani. Gawayi a rufaffen ɗaki ya kan fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ta kan kashe mai barci. Sa'an nan likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun nuna a shekarun 1970 cewa ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau ya na da alaƙa da kwanciya kan gado mai tsananin zafi, haɗe da wankan jego da yawan shan kunun kanwa. Ɗumi magani ne in an yi shi da awo.

6. Bulo da kwano

Tun tsakiyar ƙarni na 20 kwano ya fara hawa kan gidajen birni, bulon siminti kuma ya biyo baya. Friedrich Schwerdtfeger, wanda littafinsa kan gidajen Zariya da Ibadan da Marrakesh ya fito a 1982, ya bi diddigin yadda gidajen cikin ganuwa su ke sākewa. Dalilin masu gida a fili ya ke, kuma ba abin raini ba ne. Soro ya na bukatar yaɓe kusan kowace shekara, azara ta yi wuya, gwanayen magina sun ragu, wanda kuma rufi ya taɓa rufta masa cikin Agusta ba zai manta ba.

Sai dai akwai bashin da ke biyo baya. Zariya ta na wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, watau da azahar rana kusan a tsakar ka ta ke, yawancin zafinta a kan rufi ya ke sauka. Kwano siriri ne, ya kan haura digiri 60 da rana, ya aika da zafin cikin ɗaki nan take, da dare kuma ya huce nan take. Bulo mai inci 6 ko 9, da ramuka a cikinsa, ba shi da ajiyar da bangon ƙasa mai ƙafa 2 ya ke da ita. Ɗakin ya zama tanda a bazara, ya zama randa a hunturu. Har wa yau an saba a malala siminti a tsakar gida har zuwa jikin bango. Simintin nan ya kan gasu da rana, ya miƙa zafinsa ta gefen harsashi zuwa daɓen ɗaki, ta hanyar nan ta gefe da masu binciken Norwe suka gano, sai dai a nan shiga zafin ya ke yi.

Abin da ƙasa ta ke bayarwa kyauta sai a koma sayensa. Fankar silin ta kan ci wajen wat 75, ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa wajen wat 1,000, watau cin fanka goma sha uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin tashin janareta ya ninka, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na masu samun wuta mafi yawa zuwa naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya. Talakan da ba shi da halin ko ɗaya daga cikinsu da lafiyarsa da barcinsa ya ke biya.

7. Abin da ya kamata a koyar

Daga abin da ya gabata, shawarwari huɗu sun fito ga mai gini a birnin Zazzau da garuruwa masu irin yanayinsa.

Na ɗaya, a tsare harsashi daga ruwa, gama ruwa ne ƙanƙarar Zazzau. Shi ke cinye gindin bangon ƙasa, shi ke ɓata ajiyarsa. Harsashin dutse ko na siminti wanda ya ɗaga ƙafa guda bisa ƙasa, da dakali a gindin bango, da indararo mai jefa ruwa nesa, za su tsawaita ran ginin ƙasa ba tare da an rasa amfaninsa ba.

Na biyu, a bar daɓen ɗaki a manne da ƙasa. Banda ɗakin da za a riƙa sanyayawa da na'ura dare da rana, ko ma'ajiyar magani da kayan abinci, domin a nan ɗakin ya fi ƙasa sanyi, makari a ƙarƙashinsa ya na da amfani kamar yadda ya ke da shi a Turai.

Na uku, a ba gefen gida inuwa. Itace a tsakar gida, rumfa, da tsiri na ƙasa ko tsakuwa tsakanin bango da simintin tsakar gida, su ne makarin gefe na ƙasar zafi.

Na huɗu, kuɗin makari a kai shi sama. Silin mai kauri, da sarari mai shan iska tsakaninsa da kwano, da farin fenti bisa kwanon, sun fi kowane gyara na harsashi rage zafin ɗaki.

Malamin kwalejin horon malamai zai iya nuna wa ɗalibansa duk wannan da ma'aunin zafi guda huɗu. A binne ɗaya a zurfin ƙafa 2 cikin inuwa, a rataye ɗaya a zauren ƙasa, ɗaya a ɗakin bulo da kwano, ɗaya a waje ƙarƙashin itace. A rubuta abin da kowanne ya nuna da asuba da azahar da isha'i, mako guda a Janairu, mako guda a Afrilu. Ɗalibin da ya cika wannan jadawali da hannunsa zai iya karanta littafin ginin Turai ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki na gaggawa: kalmomin sana'ar, irin su laso da katsi da makuba da tulluwa da zanko, su na bakin dattawan magina na unguwannin birni, kowace kuwa ta na ɗauke da wata dabara ta zama lafiya da rana da ruwa. Ya kamata a tattara su tare da bayanin aikinsu tun masu su na raye.